Fatun da Aka Shanya a Rana

A duk shekarun da na yi ina aiki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba a tsakiyar bazara, ranar da na dawo daga Kandi na tarar da fatun injinmu guda arba'in a shanye bisa igiya. Gemuna ya yi fari yanzu, amma har yau ina tuna ta kamar jiya. Tunda kun ce in ba ku labarin, sai ku yi haƙuri in fara da bayanin wurin, don yawancinku ba a haife ku ba lokacin.

Zamanin mulkin soja ne, ana cikin juyin juya hali, kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya, tun daga mai gadi har minista. Gwamnati na son kowane yanki ya sarrafa abin da ƙasarsa ke bayarwa. Mu a Malanville an duba an ga tsamiya na shigowa kasuwa buhu-buhu daga ƙauyuka, sai aka kafa wata 'yar masana'antar gwaji a bayan gari, ta hanyar kogi. Ni ne teknisiyan, wato mai kula da injin da awo. Sunana Sani, ɗan gari ne ni, mahaifina albasa yake lodawa kudu. Na yi karatu a Parakou da Cotonou, aka dawo da ni gida. A samana akwai direkta, a ƙasana akwai mata shida masu jiƙa tsamiya da tacewa, sai mai kula da gurup, injin da ke ba mu wuta.

Aikin namu shi ne mu raba tsami da zaƙi. A cikin tsamiya akwai wani tsami da ake kira asid tartarik, masu yin lemun kwalba da masu haɗa magani suna nemansa, kuma daga waje ake shigo da shi. Hanyar da muke bi sunanta elektrodiyaliz. Sunan ne mai nauyi, abin bai kai haka wuya ba. Tsamin da ke cikin ruwa yana ɗauke da caji, sukari kuwa ba ya ɗauke da komai. In ka sa wuta a gefe biyu na ruwan, tsamin zai kama hanya ya nufi gefe ɗaya, sukarin ya tsaya inda yake. Sai ka gitta masa wasu siraran shafuka a hanya. A takarda sunansu mambaran, mu dai fata muke cewa, don sun yi kama da fatar da aka jeme. Iri biyu ne. Ɗaya tana barin tsamin ya wuce, ta gaba da ita tana tare shi. Haka ake jera su, wannan bayan waccan, da ragar roba a tsakani, a matse su da ƙarafa da kusoshi. Tsami ya tsallake fata ɗaya ya maƙale a ɗakin gaba, ya yi ta taruwa. A ƙarshe tiyo ɗaya na fitar da ruwan tsami mai ƙarfi, ɗayan na fitar da ruwan tsamiya mai zaƙi da ake iya yin sirop da shi, wato ruwan sukari mai kauri. Akwai wasu ƙananan tsami a cikin tsamiyar, amma in ka iya awonka tartarik ne ke fara tsallakawa.

Fatun nan su ne injin. Sauran duk ƙarfe ne da roba da kowane maƙeri zai iya gyarawa. Su kuwa daga ƙetare suka zo a jirgin ruwa, a naɗe cikin leda mai danshi, kuma ba mu da na canji ko ɗaya. Suna da doka biyu. Ba a barinsu su bushe, don ruwan da ke jikinsu shi ne hanyar da tsamin ke bi, in ya fita sai su ƙanƙance su tsattsage. Ba a kuma sa musu sabulun omo, don yana shiga ya toshe su, ba ya fita. Injiniyan da ya kafa mana injin ya nanata mini wannan da Faransanci kafin ya tafi, na rubuta a littafina da Faransanci, na sa littafin a aljihun tebur na kulle.

Shugabar matan ita ce Inna Hadiza, mutuniyar Garou, ta kai sa'ar mahaifiyata. Ban taɓa ganin mai tsabta irinta ba. Ƙyallen tacewa in ta wanke shi sai ka rantse sabo ne. A wurinta duk abin da aka wanke sai ya sha rana, in bai sha ba to bai wanku ba, kuma abin da aka bari a jiƙe ya kwana biyu ya fara ruɓa ke nan. Haka ta taso, haka kowace mace a ƙasarmu ta taso, kuma a kan ƙwarya da tufafi da tukunya gaskiya ce tsantsa. Direktan kuwa ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa na raye. Kwamitin jam'iyya ne ya kawo shi. Bai san bambancin tsami da gishiri ba sai a miya, amma ya iya jawabi, kuma yana son a tashi tsaye in ya shigo.

Tsamiya na da yauƙi da launi, suna taruwa a jikin fatun. In ka ga allurar awon wuta tana sauka alhali ba ka taɓa komai ba, to lokacin wanki ya yi. Wankin namu daban ne: a kwance injin, a jiƙa fatun a ruwan soda mai sauƙi, a ɗauraye, sannan a bar su a ruwan gishiri har ranar mayarwa. Ranar Litinin da safe na gama wannan, na jera su a baho huɗu a cikin ɗakin injin. Robar famfonmu ta lalace, direkta ya ce in je Kandi in nemo. Ina fita na ce wa Inna Hadiza, kar kowa ya taɓa bahunan nan. Iyakar abin da na ce ke nan, ko tsayawa ban yi ba, don motar kasuwa na shirin tashi.

Ina barin gari takarda ta iso cewa wani kanar zai zo daga Cotonou ranar Alhamis ya ga ci gaban da aka samu. Abin da ya biyo baya daga bakin matan na ji shi. Direkta ya sa aka shafe bango da farar ƙasa, aka jera duwatsu a bakin hanya aka shafe su, aka share har ƙarƙashin bishiya. Ranar Talata ya shiga ɗakin injin ya ga baho huɗu da ruwa ya yi ja-ja saboda launin tsamiya. Ya kira Inna Hadiza ya ce wace irin ƙazanta ce wannan. Ta ce Malam Sani ya ce kar a taɓa. Ya ce Malam Sani ne direkta ko shi. Ya aika aka kawo omo daga sito, ya ce a wanke su tas a shanya, yana son ya ga suna ƙyalli kafin la'asar ɗin gobe. Inna Hadiza kuwa in ta kama aiki ba ta yin rabi. Ta sa soso ta dirje su ɗaya bayan ɗaya, ciki da baya, aka ɗaura igiya daga bishiyar dogon yaro zuwa katanga.

Kun san ranar Malanville a bazara, ba sai na faɗa ba. Laraba da azahar na sauka daga mota da robar famfo a hannu. Tun daga ƙofa na hango wasu abubuwa bisa igiya sun nannaɗe kamar ganda. Na ɗauka buhunan tacewa ne. Da na matsa na taɓa ɗaya, sai ta karye a hannuna, na ji ƙarar karyewar. Na bi igiyar ina dubawa ko akwai wadda ta tsira a inuwa. Babu. Sun yini sun kwana sun sake rabin yini.

Idona ya rufe. Inna Hadiza ta taho da murmushinta tana goge hannu da zane, tana jira in yaba. A gaban matan nan biyar da mai gurup na buɗe baki na ce mata abin da ban taɓa ce wa babba ba. Na ce ta kashe injin, na ce ai na gaya mata, na kira ta jahila. Da Hausa na faɗa, na maimaita da yaren Dendi don kar wani ya rasa. Ta dube ni, ta dubi igiyar, ta je ta ɗauki mayafinta ta zauna a gindin bishiya. Sai ɗaya daga cikin matan ta ce mini a hankali, “Malam Sani, ba ita ta ba. Direkta na yac ce a wanke, muna nan munka ji.” Ashe duk wannan ihun da nake yi, direkta na tsaye a tagar buronsa, wato ofishinsa, yana saurare.

Na shiga wurinsa ban yi sallama ba. Na yi masa bayanin abin da ya faru da fatun. Ya saurara yana danna biro, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: in an mayar da su cikin injin an ɗaure, daga waje ana ganewa? Na ce ba a ganewa, amma ba za su raba komai ba, ruwa zai gauraye. Ya ce to a mayar. Ya aika kasuwa wurin 'yan kasuwar Najeriya aka sayo garin tsami na leda, aka zuba a kwalaben gwajina aka manna musu takarda. Ni da hannuna na mayar da matattun fatun nan na ɗaure kusoshi. Zan iya ce muku tsoro ne, kuma tsoron ne, amma ba ya wanke ni.

Alhamis kanar ya zo da motoci uku. An yi taken juyin juya hali, direkta ya yi jawabi, aka tayar da gurup, famfo ya yi ta juya ruwan rijiya a cikin injin da ba ya aikin komai. Kanar ya leƙa, ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba a haske, ya ce madalla. Ko minti goma bai yi a ɗakin ba. Bahunan da aka kashe fatun saboda su, ko kusurwar da suke bai kalla ba. Ina tsaye da farar riga ana tafi.

Na ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Injin da ba ya fitar da komai dole wata rana a tambaya, direkta kuwa ya fi ni sanin haka. Ranar Asabar da hantsi jandarma biyu, wato 'yan sandan soja, suka zo suka tafi da Inna Hadiza tana tsakiyar tace tsamiya. Litinin ya kira ni buro ya miƙo mini rahoto shafi biyu da aka buga da tafireta. An rubuta cewa wata ma'aikaciya ta lalata kayan al'umma da gangan, bayan teknisiyan ya gargaɗe ta, kuma teknisiyan ɗin da kansa ya tuhume ta a gaban shaidu shida. Zagin da na yi mata shi ne ƙashin bayan rahoton. A wancan zamani kalmar zagon ƙasa ba wasa ba ce. In takarda irin wannan ta sauka kudu da sa hannun mai ilimin abin, mutum na iya bin ta, kuma ba wanda zai ce maka ga ranar dawowarsa.

A ƙa'ida rahoton lalacewar inji ba ya tafiya sai da hannu biyu, na direkta da na teknisiyan. Nasa na nan ya riga ya sa. Na ce ba haka aka yi ba, shi ya ba da umarni. Bai musa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya tuna mini cewa sunana na cikin waɗanda za a tura ƙetare ƙarin horo a kan irin wannan injin, kuma takardar na kan teburinsa. Sannan ya ce, “Kamarad Sani, tsohuwa ce, ba ta da abin da za ta rasa. Kai kana da shi.”

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar da ta haifi 'ya'ya bakwai, ba a taɓa jin ta da kowa ba, tana zaune a birgad, ofishin jandarma, tsakanin ɓarayin awaki, wai ba ta da abin rasawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, horon nan ina sonsa kamar raina, na riga na gaya wa mahaifina, shi kuma ya gaya wa rabin kasuwa. Na riƙe biron na ɗan lokaci. Sannan na ajiye shi na ce ba zan sa ba. Ya ce in je in yi tunani. Na ce na gama.

Daga nan birgad na wuce. Na same ta a baranda bisa tabarma, ɗanta ya kawo mata fura ba ta sha ba. Na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Lajidan, wato shugaban birgad ɗin, mutum ne mai sanyin magana, ya sa ni na zauna ya ɗauko takarda. Na faɗi komai, har da garin tsamin kasuwa da hannuna a ciki. Ya tsaya da rubutu ya tambaye ni ko matar ta san rana na lalata abin. Na ce ba ta sani ba. Ya ce direkta fa? Na ce shi ma bai sani ba. Ya ce to wa ya sani a duk gidan? Na ce ni kaɗai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, shekara nawa kuna aiki tare? Na ce biyu. Ya ci gaba da rubutu, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matan sun ji tsoron zuwa shaida, ban kuma ga laifinsu ba. Ɗaya ce ta zo, wadda ta fara gaya mini gaskiya, ta faɗi abin da ta ji ta dangwala yatsa. Ni kuma na rubuta nawa rahoton kwafi biyu, na ba wani direban kamyon, wato babbar motar ɗaukar albasa, abokin mahaifina, ya kai ma'aikatarmu a Cotonou hannu da hannu. Ranar Laraba aka saki Inna Hadiza, bayan kwana huɗu.

Kar ku ɗauka adalci ne ya yi aiki. Abin da ya faru shi ne maganar ta zama mai wari ga kowa, don in aka bi ta sai an kai ga kwalaben da kanar ya yaba. Sai aka sake rubuta rahoto na uku a can sama, aka ce zafin arewa ne ya lalata kayan. Ba direkta, ba omo, ba igiya. An ce za a yi odar sababbin fatu, ba su taɓa zuwa ba. Bayan watanni aka rufe wurin, aka sallami matan. Direkta aka ba shi wata kujerar a kudu, wadda ta fi wannan. Sunana ya fita daga takardar horo, aka tura ni awon ruwan rijiyoyi, inda na ƙare aikina. Wannan ban yi kuka da shi ba, ruwa ya ci da ni da iyalina. Injin kuwa na sha wucewa in hango shi ta tagar da ta karye, awaki na kwana a gindinsa.

Bayan sati biyu da sakinta na hau keke na tafi Garou. Na same ta a tsakar gida tana tsince albasa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara a kan abin da bakina ya faɗa. Ta ƙarasa tsince albasar da ke hannunta. Sannan ta ce zagin ya yi mata zafi, amma ba shi ne ya fi ci mata rai ba.

“Ɗana, kai kac ce kar a taɓa, ba ka hwaɗi dalili ba. Shi yac ce a wanke, shi ma bai hwaɗi dalili ba. To shi yah hi ka kujera. Mi zan riƙe in tsaya mai da shi? Shekara biyu ina wanke maka ɗakin ga. Da rana guda ka zamna ka ce min, Inna, abin ga in ya bushe ya mutu, wallahi sai dai shi kore ni, amma ba a shanya su ina tsaye.”

Na san kuwa za ta aikata. Bayanin da zai cece mu duka bai fi a faɗe shi a minti biyu ba, kuma Hausa da Dendi duk suna da kalmomin faɗinsa. Ni ne na ga kamar ya fi ƙarfin mai tace tsamiya, na kulle shi a tebur.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, kuma da tsada na koye shi. Manya marasa sani ba za su ƙare ba, kullum akwai wanda zai shigo ya ba da umarni a kan abin da bai fahimta ba, ya kuma nemi ƙaramin da zai ɗora wa in ta ɓaci. Ba ka da iko a kansu. Abin da kake da iko a kai shi ne mutumin da hannunsa ke taɓa kayan kullum. In ka ba shi doka kawai, duk wanda ya fi ka murya zai karya ta. In ka ba shi dalili, ya sami abin tsayawa a kai ko ba ka nan. Kuma in ranka ya ɓaci, ka fara tambayar wa ya sa kafin ka buɗe baki a kan wanda ya yi, don akwai mai tsayawa a taga yana tattara maganarka.

Inna Hadiza ta ce ta yafe mini, ta cika mini leda da albasa na ɗaura a keke. Har ta rasu ba ta sake shiga Malanville ranar kasuwa ba, don kar a nuna ta a ce ga wadda jandarma suka kama. Direktan kuwa ban yafe masa ba, shi ma bai taɓa nema ba.